Yadda zaka gane lokacin da ya kamata tsohon karen farauta ya huta

Wannan bayanin na yi shi ne saboda matasan da suka shigo harkar farauta da karnuka, musamman wanda karensa na farko ya fara manyanta, yana ta wasi-wasi ko ya ci gaba da fita da shi ko ya bar shi a gida. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne kare ba zai taɓa nuna maka ya gaza ba. Ko da ƙafa uku yake tafiya, in ya ji ƙaho ko gangi sai ya miƙe yana kaɗa bindi, in zomo ya tashi kuwa zai bi har sai numfashinsa ya ɗauke. In kana jiran ranar da zai ƙi binka don kansa to gawarsa zaka ɗauko a daji. Kai ne zaka yanke masa, kuma ba a ranar farauta ake gane gaskiyar jikinsa ba, washegari da safe ake ganewa. Zan zo kan wannan.

Kayan da zaka tanada

- Littafi da biro, ko wayarka in tana ɗaukar bidiyo. Ido yana sabawa da abin da yake gani kullum, kare zai rame a gabanka baka lura ba, amma bidiyon wata uku da suka wuce ba ya ƙarya.
- Tef ɗin awo irin na tela. In babu, zare ma ya isa, sai ka ƙulla alama.
- Tocila.
- Ma'aunin zafin jiki mai lamba, irin wanda ake sayarwa a kemis, da ɗan basilin.
- Sikeli. In baka da shi ka je wajen masu awo, ka hau kai kaɗai, ka sake hawa riƙe da karen, bambancin shi ne nauyin karen.
- Tsumma mai tsawo ko bandeji na ɗaure baki.
- Ɗan curin auduga da busasshiyar fatar zomo.
- Mutum na biyu. Ba don riƙe karen kawai ba, ka samu dattijon mafarauci wanda karen ba nasa bane, shi zai faɗa maka abin da kai baka son gani.

Mataki na 1: Ka san shekarunsa, amma kar ka tsaya a nan

In a hannunka aka haife shi shikenan. In sayowa kayi ko baka aka yi, ka tuna yadda bakinsa yake ranar da ya zo. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, yana famfara, zuwa wata 6 ko 7 manyan haƙora 42 sun gama fitowa. Bayan nan lissafi da haƙori kintace ne kawai, don karen da ya saba gwaguyar ƙashi da tonon ramin gafiya haƙoransa na iya cinyewa yana ɗan shekara 4, furfurar baki ma wasu da wuri take fito musu.

Matsakaicin kare irin namu na gida daga shekara 7 ake fara sa masa ido. Dogayen nan masu siririn ciki irin na Azawak da ake samowa daga wajen Buzayen Nijar da Mali, da yake duk aikinsu gudu ne, da zarar gudu ya ragu aikin ya ragu. Ƙananan da ake sakawa rami ko sarƙaƙiya sun fi daɗewa suna aiki, haka abin yake ma a Ingila da ƙananan karnukansu masu shiga ramin yanyawa, ƙaramin kare ya fi babba tsawon rai. Don haka shekaru suna gaya maka lokacin fara dubawa ne kawai. Na ga ɗan shekara 9 da yake kamu lafiya lau, na ga ɗan shekara 6 da ya gama.

Mataki na 2: Ka tabbatar tsufa ne ba cuta ba

Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure. Kare ya fara ja baya, ya rame, sai a ce ai ya tsufa, alhali jini ne babu a jikinsa kuma magani na ɗan kuɗi kaɗan zai tashe shi.

Ɗaga leɓensa na sama ka duba dasashi. Mai lafiya ja-ja ne mai ɗan haske, in ka danna da yatsa yayi fari ka saki, kafin daƙiƙa 2 launin ya dawo. In ka ga dasashin fari fat ko ya koma ruwan ɗorawa to akwai matsala, yawanci kaska ce ta sa masa cutar da ke fasa jini, ko tsutsar ciki mai shan jini. Ka bi cikin kunne, tsakanin yatsu, wuya da hammata ka nemi kaska.

Sai zafin jiki. Ka shafa wa ma'aunin basilin, mutum na biyu ya riƙe kan karen, ka saka ta dubura kaɗan. Daidai shi ne tsakanin 38 da 39.2. In yana kwance a inuwa bai yi gudu ba amma ka ga 39.5 ko sama, zazzaɓi ne ba tsufa ba. In baka da ma'auni kar ka dogara da taɓa hanci, zancen wai busasshen hanci alamar ciwo ne ba abin dogaro bane, gara ka duba cin abincinsa da dasashi.

Masu zuwa farauta dazukan da ke da ƙudan tsando, irin wajen kudancin Kaduna, Neja, Taraba da Binuwai, ku kula da sammore. A kare tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, kaluluwa ta kumbura, fuska ta ɗan tasa, kuma baƙin idon ya rufe da wani fari-fari kamar hayaƙi cikin 'yan kwanaki. Da yawa sai su ce yanar tsufa ce. Yanar tsufa ba ta zuwa a sati guda.

Gargaɗi babba a nan: kar ka karɓi ragowar allurar shanu irin su Berenil a wajen makiyayi ka tsira wa kare da kintace. Maganin yana aiki, amma a kare tazarar da ke tsakanin warkewa da mutuwa kaɗan ce, in ya yi yawa ko aka maimaita kusa da kusa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Dole sai an auna nauyinsa, kuma likitan dabbobi ne zai yi. In kana kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri akwai asibitin koyarwa na dabbobi a jami'o'insu, suna gwajin jini. In kana ƙauye ka nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.

In karya ce tsohuwa, ka lura da makonnin da ke biyo bayan lokacin barbararta. In ta kama shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ta daina ci, ciki ya tasa ko mugunya na fita ta gabanta, mahaifa ce ta ruɓe, wannan na gaggawa ne, kwana kaɗan yake kashewa. Ka shafa nonuwanta ma ka ji ko akwai ƙulluttu.

Sannan in kare mai sanyin hali ya canja rana ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya gani, ko muƙamuƙinsa ya saki, kar ka sa hannu a bakinsa wai kana neman ƙashin da ya maƙale. Ka kulle shi ka kira likita, haukan kare ake tsoro. In ya ciji wani a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a tafi asibiti a ranar.

Bayan an yi magani ka ba shi kamar wata guda da abinci mai kyau kafin ka shiga mataki na gaba.

Mataki na 3: Gwaji a tsakar gida

Da sassafe zaka yi, kafin ya ci abinci, kuma ka rubuta duk abin da ka gani.

Haƙori. Fiƙoƙinsa huɗu su ne makaminsa. In sun karye ko sun cinye sun zama guntaye zai kama nama ya kuɓuce, kuma irin su gafiya da tunku ba sa yafewa, juyowa suke su yage masa fuska. Ka duba na ciki ma, in akwai mai girgiɗi, baki na wari sosai, yana tauna da gefe ɗaya, to ciwon haƙori kaɗai ya isa ya ramar da shi.

Ido. Ka haska tocila daga gefe. Yawancin karnuka in sun haura shekara 7 zaka ga tsakiyar idon yayi shuɗi-shuɗi kaɗan, wannan ba makanta bace, yana gani. Yanar ido ta gaske fara ce sol kuma tana toshe gani. Ka tsaya gabansa ka saki audugar nan daga sama, ba ta da ƙara ba ta da wari, in idonsa ya bi ta har ƙasa yana gani. Da magariba kuma ka jera turmi, bokiti da kujera a hanyar da ya saba bi ka kira shi. Ganin duhu shi ke fara tafiya.

Kunne. Ka bari ya juya baya ko yana gyangyaɗi, kayi fito irin wanda ya saba. Kar ka buga ƙafa a ƙasa, motsin ƙasa zai ji ya juyo ka ɗauka kunne ne. In ya ji amma ya juya wani ɓangare daban yana nemanka, kunne ɗaya ya mutu. Wannan a daji ba ƙaramin abu bane, shi ne karen da ke ɓata.

Hanci. Ka ja fatar zomo a ƙasa ka zagaya bayan gida ka ɓoye, ka sake shi. Kar kayi da rana tsaka a hunturu, ƙura da bushewa na ɗauke wari ko ga matashin kare. Yawanci hanci ne ke fin sauran daɗewa, shi yasa tsohon kare ke da sauran amfani, ka riƙe wannan.

Ƙafa da baya. Ka ɗaure bakinsa da tsumma tukuna, ko karenka ne in ka taɓa inda ke ciwo zai kai cizo. Ka lanƙwasa kowace gaɓa a hankali ka miƙar, ka ji ko tana ƙara, ko ta kumbura, ko yana janyewa. Ka bi gadon bayansa da yatsu biyu kana dannawa. Sai ka kama dagin ƙafar baya ka kifa shi yadda bayan yatsun zai taɓa ƙasa, mai lafiya nan take zai gyara, in ya bar shi a kife na ɗan lokaci to jijiyar baya ta fara samun matsala. Ka auna kaurin cinyoyin biyu da tef a wuri ɗaya, wadda ta fi sirancewa ita yake ɓoye wa nauyi ko da baka ga ɗingishi ba. Kafin ka ce amosanin gaɓɓai ne ka buɗe tsakanin yatsu, sau da yawa ƙaya ce ko tsidau ya shige ya yi ruwa.

Numfashi. Lokacin da yake barci ka ƙirga tashin haƙarƙarinsa na rabin minti ka ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti lafiya. In kullum yana haura haka, ga tari da dare ko da asuba, ga ciki na tara ruwa, zuciya ce.

Mataki na 4: Fitar gwaji, da abin da zaka gani washegari

Ka fita da shi gajeriyar farauta kusa da gari, da asuba, tare da kare ɗaya ko biyu da suka saba. Kar kayi gwajin a babbar farautar gayya inda garuruwa ke haɗuwa, hayaniya zata sa ya zuba duk ƙarfinsa kuma kai ma hankalinka na kan nama. Ka tafi da ruwa.

A dajin ka lura da abu uku. In zomo ya yi kwana, yana iya juyawa da shi ko sai ya zarce ya faɗi? In an tsaya, minti nawa yake ɗauka hakin ya lafa idan ka haɗa shi da sauran? In matasan sun rufe baki sun miƙe shi har yanzu harshe a waje ya yi faɗi ya yi ja jawur, ka rubuta. Na uku, yana tsallake kwazazzabo da kututture ko ya koma zagayawa?

To amma duk wannan ba shi ne hukuncin ba. Zafin nama yana rufe ciwo, tsohon kare zai iya baka mamaki ranar har ka dawo gida kana cewa ai da sauransa. Ka jira gari ya waye. Ka je inda yake kwana kafin ya ganka, ka tsaya ka kalla. Lafiyayyen kare zumbur yake miƙewa, ya yi miƙa, ya girgije. Wanda lokacinsa ya zo zaka ga ya fara kafa ƙafafun gaba, ya tsaya a zaune kamar yana tunani, sannan ya jawo ƙugun a hankali, takun farko guda biyar ko shida a sandare, baya a gantsare, wani lokacin ya tafi fitsari ya kasa ɗaga ƙafa sai ya tsuguna. Ka ajiye masa kaskonsa ka gani ko zai taso ko sai ka kai masa har gabansa. Ka ɗauki bidiyo.

Ka sake dubawa a rana ta biyu da ta uku. Ni ma'aunina ke nan: in ya warware a wuni ɗaya, da sauransa. In sai ya kwana biyu, a rage masa aiki. In ya kai kwana uku yana jan jiki bayan 'yar gajeriyar fita, ya gama da babbar farauta. Kar ka yanke da fita ɗaya, ka maimaita bayan sati biyu, ka kuma nuna wa dattijon nan bidiyon ba tare da ka gaya masa ra'ayinka ba.

Kuskuren da ke lalata gwajin nan shi ne ba shi maganin ciwon jiki na mutane don ya iya fita. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su kashe ƙoda, farasitamol ma in ya yi yawa hanta yake ci. Tiramol da wasu ke ɗura wa karnuka wai don su yi gudu kuwa zalunci ne kawai. Akwai maganin gaɓɓai na karnuka da likita ke bayarwa gwargwadon nauyi, amma don ya ji daɗin kwanciya da tashi ne, ba don a mayar da shi daji ba.

Mataki na 5: Yanke hukunci

Akwai alamomin da in ka ga ko ɗaya babu sauran shawara, ya bar daji daga ranar: ya taɓa faɗuwa ko suma a cikin gudu, tarin zuciya, ba ya jin kira, ba ya gani da magariba, ya ɓata an nemo shi a wurin da ya sani sarai, ko sauran karnuka sun fara taruwa a kansa wajen nama. Wannan na ƙarshen mutane basa ɗaukarsa da muhimmanci, amma karnuka sun riga ka sanin ya yi rauni, kuma wata rana a bayan idonka za su yi masa illa.

In babu ko ɗaya sai dai jinkirin warwarewa, rage aiki zaka yi. Ya fita lokacin sanyi kawai, daga bayan kaka zuwa ƙarshen hunturu. Watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 a su Sakkwato da Maiduguri, ya zauna gida ko da ƙalau yake, don kare da haki yake fitar da zafi kuma tsoho ba ya iyawa kamar da. In ya taɓa faruwa a daji ka ga yana tangaɗi, miyau ya yi kauri, ka kai shi inuwa ka riƙa zuba masa ruwa a ciki da cinyoyi da wuya kana yi masa fifita, kar ka ɗura masa ruwa a baki da ƙarfi.

Kar kuma ka bari maganar abokai ta ja ka, wai ai karen wane ya fi naka tsufa yana fita. Hausawa sun gama magana, karen bana shi ke maganin zomon bana.

Mataki na 6: Yadda ake ajiye shi

Kar ka yanke masa daji rana ɗaya, wasu har abinci suke dainawa ci. Ka mayar da shi malamin ƙanana. Da yake hancinsa na nan, ka riƙa zagaya gefen gona da shi da sanyin safiya tare da kwikwiyon da kake horarwa, tsohon a igiya, ya nuna sawu, in nama ya tashi ka saki ƙaramin ka riƙe tsohon. Zai yi ta fizga yana kuka, ka daure. In an kama ka ba shi kasonsa na kayan ciki kamar yadda ya saba.

Ranar babbar fita ka ɗaure shi ko ka kulle shi tun kafin a fara busa ƙaho, ka bar wani a gida da zai kula, don in ya tsinke igiya sawunku zai bi shi kaɗai a rana. Igiyar ta kai inuwa da ruwa, kuma kar a ɗaure kusa da katanga ko danga inda zai yi tsalle ya rataye kansa.

Abinci kuma a rage yawa a ƙara kyau. Kare da ya daina gudu in ana cika masa kasko da tuwo da ƙanzo kamar da zai yi teɓa, nauyin ya ƙarasa gaɓoɓin. Ya zama kana jin haƙarƙarinsa in ka shafa amma ba ka hango su daga nesa. Ka jiƙa masa ƙanzon da romo saboda haƙori, ka haɗa da kan kifi, dafaffen ƙwai ko kayan ciki, a raba sau biyu a rana. Miya mai albasa da yawa ba ta yi masa, albasa na fasa jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma tsagewa yake ya soke hanji. A hunturu ka cusa ƙaiƙayi ko tsumma a buhu ya kwanta a kai, siminti da sanyin ƙasa na ƙara masa ciwon gaɓɓai. Faratansa za su yi tsawo tunda ba ya gudu, a riƙa rage tsinin. Allurar haukan kare duk shekara tana nan ba fashi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin ta, kuma wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, a wurare da dama ana yi kyauta.

Wasu na tambaya ko ya halatta a ci gaba da riƙe shi tunda ya daina farauta. Hadisi ya ambaci karen farauta, na kiwo da na gona, don haka mafi sauƙi ka ba shi gadin garke ko gona, sauran bayani ka tambayi malaminku. Abin da ni ban yarda da shi ba shi ne a kai shi daji a yar, ko a miƙa wa masu sayen karnuka da ke lodi zuwa kasuwar Dawaki ta Kanke a Filato, kowa ya san ba kiwo ake kai su ba. Kare da ya shekara bakwai yana cika maka tukunya bai cancanci haka ba.

Mataki na 7: In jikin ya ƙi gaba ɗaya

Wata rana zai kai inda ba ya iya tashi, yana fitsari da kashi a kwance, ya daina ci, ko yana kuka da dare saboda ciwo kuma magani ya daina aiki. A nan ka kira likitan dabbobi, akwai allurar da ake yi ya tafi cikin barci ba wahala. Kar ka ba shi maganin ɓera ko fiya-fiya, mutuwar azaba ce, kuma kaji da yara na iya kaiwa ga ragowar. In likita na nesa, kafin ya iso ka riƙa juya shi gefe zuwa gefe duk bayan 'yan awanni don kar fatar ta gyambace, ka sauya shimfiɗa in ta jiƙe, ka kore masa ƙuda, ruwa kuma ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali ko sirinji mara allura ta gefen baki. In ya mutu a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, musamman in allura aka yi masa, don naman na iya kashe duk dabbar da ta tono ta ci.